Hayaƙin Tani a Saman Bene

Tun da aka fara yi wa Jabiru ƙarin ruwan maganin dajin huhu, abinci ya zama abokin gabansa. Ko ƙamshin miya ya ji sai amai. Matarsa Tani tana kallo mutumin da ke ɗaga buhun shinkafa da hannu ɗaya ya koma sai an tallafe shi, abin yana ci mata rai.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sin ce ta nuna mata moksa: busasshen ganye da aka naɗe kamar sigari mai kauri, a kunna, a riƙe kusa da fata ƙasan gwiwa har wurin ya ɗumama. Likita ya ce ba ta kashe daji, amma a gwada, muddin hayaƙin bai kai fuskarsa ba. Shi ya sa kullum bayan la'asar take hawa da shi saman benensu na unguwar Nuzla a Jidda, inda iska ke kwashewa.

To, moksa wari gare ta, kuma duk wanda ya shaƙa, wiwi zai ce. Ran nan sai ga Othman mai gidan ya hawo yana haki, waya a hannu. Haihuwar Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Halas ya Tani. Maƙwabta sun ce hashish ake sha a gidana. Ki kashe, ko in kira shurɗa. Kin san iƙamarki ta mutu."

Ta sani sarai, takardar izinin zamanta a ƙasar ta ƙare. Idan 'yan sanda suka zo, jirgi za a sa ta, Jabiru ya rage ba mai ba shi ko ruwa. Amma haushi ya fi tsoron yawa.

"Malam Othman, ka dube shi da kyau. Wannan ne ɗan wiwin? Ba zan kashe ba."

"Wallahi zan kira."

"Kira mana."

Jabiru ya buɗe ido, murya can ƙasa. "Tani, akwai sauran faten nan?"

Rabon da ya nemi abinci da bakinsa har ta manta. Ta miƙe, ta kama hannun Othman ta danƙa masa moksar tana hayaƙi.

"Riƙe nan, kada ka ƙona shi. In sun zo, a hannunka za su tarar."

Ta sauka ɗebo faten.