Tirelar Zuma Ba Ta Haye Gada Ba

Mahaifina Nichifor ne ya ƙera tirelarmu da hannunsa, ya kafe amyoyin zuma a jikinta da ƙusa. Duk bazara yakan ja ta da tarakta zuwa dajin itatuwan salkam idan suka yi farin furensu. Bana ciwo ya kwantar da shi, sai na hau taraktar da kaina. Ban kai gada ba ɗan sanda Dorel ya tare ni.

"Malama mai digiri, ina shaidar gwajin wannan dodon?"

"Kawu Dorel, shekara nawa kana shan zumarta?"

"Na sha, 'yata. Amma tirela mai nauyi haka, in ba a gwada ta ba, wurin gwaji kaɗai za ta je, kuma ba kaya."

"Kayan a kafe suke. In na ɓamɓare su, ƙudan zuman sun watse."

"To, ki karanta musu dokar."

Ban roƙe shi ba, na juya gida. Ranar gwajin da aka ba ni sai bayan fure ya kaɗe. Kullum ina dama wa ƙudan ruwan sukari, ina hangen farin dajin yana komawa kore. Baba yakan tambaya daga gado ko zuma ta fara taruwa. Nakan ce masa a'a.