Abin da Tela Ya Tsinta a Safarsa

Tun da ciwon suga ya kashe wa tela jin ƙafarsa ta dama, gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsansa bai taɓa hana shi taka keken ɗinki ba. Matarsa ce take wanke masa kowace safiya. Bakin gyambon ya tsuke kamar zai rufe, amma ruwa bai daina tsattsafowa ba, da wani wari da turare ya kasa dannewa.

"Malam, mu koma asibiti."

"Kan abin da ba ya zafi? Ke dai kina marmarin shiga mota."

Wata rana ta shiga shagon neman maɓallin rigar jikarsu, ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur. A cikinsu akwai wasu 'yan farare masu kaushi, marasa huda. Ta murza ɗaya, ya marmashe.

"Waɗannan fa?"

"Gutsattsarin maɓalli ne. A safata nake tsintarsu. Kin san tela ba ya zubar da komai."

Ta dubi ƙafar tana sama da ƙasa a kan matakin keken, kamar ba zancenta ake yi ba. Ta yi salati a zuci, ta ɗauko masa hularsa.

A asibiti likita ta kwantar da shi, ta zura wani siririn ƙarfe cikin gyambon. Matar tana kallo ƙarfen ya shige, ya ci gaba da shigewa, mijinta kuwa yana ta zuba labarin tsadar zare. Sai aka ji ƙwas, ƙwas.

Tela ya juya wajen ƙofa. "Ana ƙwanƙwasawa. A shigo mana!"

Ba wanda ya shigo.

"Baba, ƙashinka ne," in ji likita. "Ciwon ya kai gare shi. Hoto zai tabbatar, amma idan aka cire yatsan da abin da ya ruɓe yanzu, muna sa ran ƙafar za ta tsira, da yardar Allah. In aka jinkirta, ban yi alkawari ba."

Ya yi dariya, ya dubi matarsa don ta taya shi. Ba ta taya shi ba.

"Likita, sake bugawa in ji."

Ya runtse ido, ya kasa kunne. Likita ta sake.

"Uwar yara," ya ce a hankali, "a aika wa masu ɗinki su zo su karɓi yadinsu. Likita, yaushe za ki sa almakashin?"