Gadar Da Malam Lauwali Ya Bari a Buɗe

Malam Lauwali ya ce in ɗaga shi in jingina shi da bango, sannan in jawo masa teburin kwamfuta bakin gado. Matarsa, Yaya Mairo, tana tsaye a ƙofa da kwanon kunu tana ta hararata, sai ka ce ni na ɗora masa ciwon. Mutumin da cokali ma ya gagare shi riƙewa, wai wasa zai yi.

Ni direba ne, Kazaure zuwa Babura, katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa. Wasan kuwa na yaƙi ne, bi da bi ake yin sa kamar dara. Kowa da rundunarsa a kan taswira, ka matsar da sojojinka da tankokinka, in ka gama sai ka jira abokin karawarka. Abokin karawar Malam ƙaninsa ne, Halliru, ma'aikaci a Babura, shi ma da kwamfuta a ofishinsa. Sun yi shekaru ba sa ga maciji da juna, tun wata baƙar magana da ta shiga tsakaninsu a zaman makokin mahaifiyarsu. Ko gaisuwar Sallah babu. Sai dai sun fara wasan nan tun kafin rigimar, kuma babu wanda ya yarda a ce shi ya gudu. In Malam ya yi nasa, sai ya zuba a ɗan faifan kwamfuta in kai Babura, Halliru ya yi nasa in dawo da shi. Ni ne jakin da ke ɗaukar yaƙin, ba na ko fahimtar rabinsa.

Abu ɗaya na sani, sun daɗe suna kashe wa juna sojoji a kan wata gada. Ranar nan ina kallo Malam ya riƙa janye rundunarsa daga bakinta, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana hutawa. Ya kawar da tankokin gefe, ya bar hanya fetal har cikin garinsa. Kwamandansa kaɗai ya bari a tsaye a bakin gadar.

Ya miƙo mini faifan. "Sama'ilu, kai masa. Kada ka ce masa ina kwance."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ce Halliru ba jahili ba ne, zai gani da idonsa.

A zaure Yaya Mairo ta tare ni. Ta ce likita ne da kansa ya ce su dawo gida daga asibiti, babu sauran abin da za a iya yi masa, kuma in ban zo da Halliru yau ba, ba ta jin za su gana. Ban tsaya lodi a tasha ba, na fita da motar ba kowa a ciki. Mutane suna ta ɗaga mini hannu a bakin hanya, ko kallonsu ban yi ba.

Na tarar da Halliru yana shirin fita cin abinci. Ya karɓi faifan ba tare da ya tambayi lafiyar kowa ba, kamar kullum. Da taswirar ta fito ya ƙura mata ido, can sai ya yi dariya. Ya ce tarko ne. Ya shiga nuna mini duwatsu da ɗan yatsa, wai a bayan wannan yayansa ya ɓoye manyan bindigogi, a bayan wancan ya jibge tankoki, yana taka gadar za a rufe shi da wuta. Ya ce in dawo jibi, zai yi tunani.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna kashedin da Malam ya yi mini, na kuma tuna fuskar Yaya Mairo, na zaɓi wanda zan iya kwana da shi.

"Ba tarko ba ne. Yayanka yana kwance, rai a hannun Allah."

Ya ɗago ya dube ni. "Shi ya ce ka faɗa mini haka?"

Wallahi da ba don ya girme ni ba, da na mare shi. Na ce Malam hana ni faɗa ya yi. Ya koma kan taswirar, ya daɗe yana kallon kwamandan nan da ke tsaye shi kaɗai. Dariyar ta bar fuskarsa. Na ce mu tafi, ya ce ba zai je wa yayansa hannu rabbana ba, sai ya yi nasa wasan. Ina tsaye kamar a kan garwashi, shi kuwa yana ta ɗaukar wannan yana ajiye wancan. Daga ƙarshe soja ɗaya tak ya tura ya haye gadar, ya cire faifan ya sa a aljihu.

A hanya, da muka wuce Kanya Babba, ya tambaye ni ko motar ba ta fi haka gudu. Na taka ta har tana kakari. Na riƙa addu'a a zuci Allah ya sa mu riske shi.

Muna shan kwanar layinmu na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan, maƙwabta suna ta taruwa. Na kashe motar tun daga nesa. Halliru ya fita ya bar ƙofa a buɗe, na bi shi har tsakar gida.

Yaya Mairo tana zaune a bakin ɗaki, mata sun kewaye ta. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce, "Tun azahar yake tambaya ko an ji ƙarar mota."

Halliru ya sunkuyar da kai. Liman ya leƙo daga ɗakin yana tambayar wa zai yi wa mamacin wanka. Halliru ya cire agogonsa ya miƙo mini, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya ce a kawo ruwan.