Kwanon da Tamimu Ya Manta

"To, wa za a ba ya sha?"

"Ba sha ake yi ba, Hajiya."

"Wanka ake da shi ke nan."

Tamimu ya dubi kwanon silbar da ke kan teburin kicin. Kwana uku ya yi yana gyaran ɗakinsa na unguwar University Heights da ke Bronx saboda ziyarar nan. Ya wanke labule, ya ari kujera a maƙwabta, har jollof ya dafa irin ta Zangon Kumasi. Abu ɗaya ya manta bai ɗauke ba, shi kuwa idon Hajiya Nafissa ya fara sauka a kai: ƙananan takardu masu baƙon rubutu suna yawo cikin ruwan ɗumi.

Hajiya Nafissa ƙanwar mahaifin Aïchatou ce, yarinyar da yake nema da aure. Tsohon yana can Maraɗi, ya ce shi ba shi da ido a Amurka sai nata. Da la'asar za ta kira shi, abin da ta faɗa kuma shi ne auren ko rashinsa.

"Kan sarki ne, Hajiya. Stamp. Na ƙasar Japan."

"Tambur yake nufi, Tanti," in ji Aïchatou daga bakin ƙofa, murya can ƙasa.

"Na ji Hausa, madame. Tambur a jikin wasiƙa na san shi, ban san shi a kwano ba." Ta gyara mayafi ta zauna a kujerar aro. "Shekara biyu ina tambayar kaina, yarinya ta ƙi mai farmasi, ta ƙi mai motoci uku, ta nace sai mai yi wa tsofaffi wanka. Ashe ga amsar tana jiƙe."

 Tamimu ya shiga bayani. Tsohon da yake kula da shi a Manhattan ɗan Japan ne, shi ya ba shi kwalin takalmi cike da ambulan na shekara sittin. Ana jiƙa su ne don kan sarkin ya rabu da takarda, a shanya, a danne cikin littafi. Ya ɗauko hantsaki da gilashin ƙara girma, ya manta gaban wa yake.

"Kin ga wannan furen mai ganye goma sha shida? Alamar gidan sarautarsu ce. In yana nan, to tsoho ne, tun kafin 1948. In kuma an rubuta NIPPON da boko, daga 1966 ne zuwa yau. Tsofaffin ma, daga dama ake karanta su zuwa hagu."

"Daga dama zuwa hagu."

"Ƙwarai, Hajiya!"

"Da hatimi a tsakiya." Ta juya ga Aïchatou. "Voilà. Da bakinsa. Malaman Bronx duk sun yi masa kaɗan, sai da ya tafi Japan."

Aïchatou ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Tamimu bai san ko kuka take ko dariya ba, duka biyun kuwa sun tsorata shi. Ya buɗe babban littafinsa ya nuna wani dogon kan sarki mai hoton mace cikin doguwar riga, ta waiwayo ta kan kafaɗa.

"Wannan na fi so. Ranar da na fara ganin Aïchatou, tana sauka daga bas a Fordham, haka ya waiwayo..."

"Ta waiwayo. Mace ce. Ku mutanen Ghana kowa namiji ne a bakinku." Hajiya ta karɓi gilashin ta kanga a ido. "Har da hoton mace. Aiki ya cika. Ka sayar da su ne?"

"A'a."

"Ana aika wasiƙa da su?"

"An riga an buga musu hatimin gidan waya."

"To me suke yi maka?"

Ya buɗe baki, ya san a kan amsar nan komai ya rataya, sai ya hango ruwan kwanon ya soma yin ja. Wani jan ambulan ne yake zuba, zai ɓata sauran. "Please, minti ɗaya," ya ce, ya juya wa surukar da yake nema baya. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tsamo su da hantsaki yana kwantarwa a kan tawul, yana riƙe numfashi, yana lallaɓa kowace kusurwa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Sai da ya tsamo na goma sha ɗaya ya tuna inda yake. Ya juyo a hankali. Shi ke nan, ya kashe aurensa da hannunsa.

Hajiya Nafissa ba fuskarsa take kallo ba, hannuwansa take kallo. Ta daɗe.

"Wallahi da asiri ne da hankalina ya fi kwanciya," ta ce. "Mai asiri ya san abin da yake nema. Kai kuwa ƙaton mutum, ranar Lahadi, kana yi wa sharar Japan wanka fisabilillahi." Ta numfasa. "Ke, haka yake kullum?"

"Kullum, Tanti. Ranar nan awa ɗaya na yi ina jiransa a ƙasa, yana shanya."

"Kuma kina so."

Aïchatou ta sunkuyar da kai, murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Hajiya ta zaro waya daga jaka, ta lalubo lambar Maraɗi, ta tsaya da yatsa a kai.

"Bon. Zan ce wa Yaya ya ba ka. Amma in na ce masa tambur kake wankewa, gobe zai aiko a maida yarinyar gida. Rubutun neman aure na tarar kana jiƙawa, haka zan faɗa masa, in ce kuma a gabana ka shanye."