Inda Kainuwar Ta Yi Laushi

Kainuwa ta cinye tafkin kaf. Ciyawar nan mai yawo a kan ruwa ta shimfiɗe tun daga inda ake ɗaure jirage har iyakar ganin ido, kore shar, kai ka ce abin arziki ce. Kifi ya ƙare a ƙarƙashinta. Tela, matar da ke ɗinki a bakin kasuwa, ta ji mijinta masunci ya faɗa ba da wasa ba: in damina ta wuce ruwan bai buɗe ba, zai sayar da kwalekwalensa ya tafi birni dako. Mutumin da ko miƙewa zai yi sai gwiwa ta yi ƙara.

Shi ya sa da malamar gona ta zo neman 'yan sa kai masu kiwon ƙwari, Tela ta riga kowa ɗaga hannu.

Wasu 'yan ƙwari ne masu dogon baki, ba sa cin komai sai kainuwa. A cikin karan kainuwar suke saka ƙwai, tsutsar ta yi ta ɓarna ta ciki har ciyawar ta ruɓe. Tela ta jera bahuna a bayan ɗaki, ta rufe da tsohon gidan sauro, kullum tana tsince ƙwarin da ke ciki da cokali. Kajin gidan sun sha jifa.

"Uwar ƙwari," in ji mijin, "ni ruwan wanka ma sai na roƙa, amma 'ya'yanki kullum ana canza musu."

"Su ai aiki za su yi, Maigida."

Da ƙwarin suka yi yawa, 'yan sa kai suka sake su a kusurwar gabas ta tafkin. Malamar ta ce kada a taɓa wurin, daga nan za su bazu. 'Yan sa kai ta faɗa wa, mata kusan duka. Tela kuwa ta gaji da ba'a, ba ta kai maganar gida ba.

Sannu a hankali ganyen kusurwar ya huhhuje, ya yi rawaya. Tela takan tsaya a bakin ruwa tana kallo, daɗi kamar ya kashe ta.

Sai ta tafi jinyar yayarta. Ran da ta dawo, tun daga kan hanya ta hango hayaƙi.

Masunta sun gano cewa kainuwar gabas ta yi laushi, ana ja tana biyowa. Suka yi gayya da ƙugiyoyi, suka janye ta tas, suka shanya, suka cinna mata wuta. Mijin ya taro ta jiƙe sharkaf, riƙe da 'yan kifaye, yana dariyar da rabonta da ji tun bara.

"Kin ga aikin maza? Ƙwarinki suna can suna barci, mu mun buɗe ruwa."

Ta durƙusa, ta zaro wani kara da bai gama ƙonewa ba, ta tsaga da farce. Tsutsotsin na ciki, sun dahu fari fat. A bahunanta kuma babu ƙwaro ko ɗaya, duka ta juye a nan.

"Ba ki yi murna ba?" ya tambaya.

"Na yi," ta ce. Ta kasa ƙwace masa dariyar.

Kafin wata ya mutu, lafiyayyar kainuwa ta taso daga yamma ta rufe gurbin. Ranar da mai sayen kwalekwalen ya zo, sai da Tela ta kama musu suka ciro shi daga cikin ciyawar.