Baba Matthew da Ciyawar Barnawa

Tun da aka sauke Baba Matthew daga mota a Barnawa bakinsa bai rufu ba. Manomin citta ne daga wani ƙauye bayan Kachia. 'Yarsa Vicky ce ta ɗauko shi bayan rasuwar matarsa, wai ya zauna da su ya huta. Shi kuwa ya ce sati biyu zai yi, don bai ga yadda namiji zai zauna gidan surukinsa yana ci ba ya tsinana komai ba.

Gidan ya ɗaure masa kai. Ruwa na fitowa daga bango, ka murɗa nan zafi, ka murɗa can sanyi. An shimfiɗa wasu gilasai a kan rufi suna shan rana, ko an ɗauke wuta firiji bai san an yi ba. Titin unguwar kuwa itatuwa sun haɗe kai a samansa, daga ƙofar gida har coci rana ba ta taɓa ƙeyar mutum. Da safe ya ga manyan mutane masu tumbi suna gudu cikin gajeren wando, ya leƙa bayansu bai ga abin da ya koro su ba. Ya yi ta faɗin "Allah da iko yake" har Vicky ta daina amsawa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ciyawa ta cinye tsakar gidan kaf, ta yi kore shar. Ya tausaya wa surukinsa Harrison. Aikin ofis ya hana bawan Allah nome gidansa, ga baƙi na shigowa suna gani. Ranar Asabar da sassafe ya zaro fartanyarsa daga buhun kayansa. Kafin a sha shayi ya kankare rabin filin tas, har ya fara huɗa.

Vicky ta fito ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yesu! Baba, kafet giras ne fa, ciyawar ado! Saye muka yi, aka zo aka dasa, kullum ana ba shi ruwa!"

"Ciyawar?"

"Ciyawar, Baba."

Shekara sittin yana yaƙi da ciyawa, yau ga garin da ake sayenta a ba ta ruwa. Duk mamakin da ya sha a Barnawa wannan ya fi. Sai kunya ta rufe shi. Ya shiga ɗaki ya ɗaure buhunsa, don bai san da wane ido zai dubi mai gidan ba.

Ya fito da buhun ya tarar da Harrison tsugune a bakin huɗar, ba takalmi, ya damƙi ƙasa yana shinshinawa.

"Baba," ya ce, "shekarata shida a gidan nan ban taɓa sanin ƙasarsa ja ce ba. Citta za ta yi a nan?"

Baba ya matso kusa. Ya sunkuya ya murza ƙasar da yatsu. "Za ta yi. Amma wata takwas take yi kafin a haƙa, kuma ba a barinta ita kaɗai."

"Ni dai ban iya ba, Baba. Ofis na iya."

Baba ya sauke buhun a hankali, idonsa ya cika da hawaye. Ya yi gyaran murya.

"Ka aika Kachia a kawo iri," ya ce. "Kuma ɗauke ƙafarka, kana taka mini huɗa."