Ɗinyar Gidan Dalhatu

Zance ya bazu a unguwar Manfuha ta birnin Riyad wai a unguwar Dira, cikin gidan marigayi Malam Dalhatu, akwai bishiyar ɗinya, kuma duk kakar dabino ana dafa maɗi da 'ya'yanta a raba wa jama'a. Wai bana ne na ƙarshe, don za a rushe layin a fitar da titi.

Hajiya Hansai ba ta yarda ba. Ɗinya mai son damina, me zai tsayar da ita a Riyad? Sai dai rabonta da maɗi tun tana Ringim, tun uwarta na da rai tana juya tukunya a gindin rumbu. Tun da ta ji zancen, komai ta sa a baki salam. Rannan sai ta ce a kai ta Dira.

"Inna, ba ke kika ce ƙarya ce ba?" in ji ɗanta Uba, direban tifa.

"Ƙaryar zan je in gani. Tada motar."

Gidan na ƙasa ne. Dalhatu ya zo hajji a ƙafa, ya zauna, ya ƙare rayuwarsa yana tsintar abubuwan sahara. Jikarsa Baraka, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta zaga da Hansai ɗakinsa: ƙwan tsuntsaye cikin auduga, saɓar maciji, busassun ciyayi rataye a azara. Hansai na kallo, hancinta na tsakar gida.

Can tukwane ke tafasa, leburori sun yi layi da gurasa a hannu. Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar: ƙaya, ƙananan ganye. Kurna ce. Duk da haka ta dangwali abin tukunyar, ta rufe ido, ta daɗe.

"Kai, ɗan nan, wannan ne maɗin naku?"

"To Hajiya, ga shi baƙi, ga zaƙi," in ji wani lebura yana lasar yatsa. "Larabawa na ce masa dibis. Mu me za mu ce masa?"

"Ku ce masa dabino."

Ta juya ga Baraka ta tambayi ɗinyar. Baraka ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani, ta zazzage mata ƙwallaye a tafin hannu. Hansai ta gane su nan take. Ta sunsuna, babu sauran ƙamshi.

"Daga gida ya zo da su," in ji Baraka. "Kowace shekara yana shukawa, can jikin randa."

"Ta tsiro?"

"A'a, ya Hajiya. Ko sau ɗaya."